Ki Fasa

Tasawa, 9 ga Mayu

Zuwa ga Kaka Ta Allah, a Kanan-Bakashe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da fatan kuna lafiya, ku da mutanen gida. Yaya ƙafa, yaya zafin bazara? Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ku. Ƙanwata Safa ta yi tari kwana uku, ya wuce.

Wataƙila ba za ku tuna ni ba. Ni ce Kausar, babbar ɗiyar marigayiya, wadda ta kawo muku buta ranar sadakar bakwai. Inna ta sha faɗa mini cewa ku da kakata wadda ta haife ta ƴaƴan wa da ƙane ne. Ranar nan kun riƙe hannuna, kun tambaye ni ko akwai sauran irin duman gidanmu, mai dogon wuya, wanda ake ludayi da shi. Ban ba ku amsa ba. Ba raini ba ne. Mutane sun yi yawa, kuma an ce sai an ɗaga murya kafin ku ji, ni kuwa ba na iyawa. Shi ya sa ban kira ta salula ba, na rubuto. Baba ya ce kun yi karatun yaƙi da jahilci, kuna karantawa kuna rubutawa, kuma Sha'ibu direba yana zuwa kasuwarku duk mako, zai iya kai takarda ya kawo amsa.

Akwai irin. Yana cikin wani ɗan gora da ke rataye bayan ƙofar ɗakinta, an zuba masa toka, an toshe bakin da tsumma. Wata bakwai ina wucewa ta gabansa ban taɓa shi ba. Watan jiya na sauke shi, na zazzage a faifai, na ƙirga. Arba'in da uku ne.

Na shibka goma a gindin darni, inda take zama ta yi alwala, don nan nake ganin duman yana yaɗo. Na tona rami kamar tsawon hannuna daga yatsu zuwa wuyan hannu, na sa su, na rufe. Ina ba su ruwa safe da marece. Kwana goma sha shida babu abin da ya fito. Jiya na tona. Uku sun ruɓe, suna wari. Sauran suna nan yadda na sa su, sai dai sun yi baƙi.

Na sha ganin Inna tana shibka, amma ban taɓa kallo ba. Kullum kaye ne a hannuna, littafin rubutunmu na lakwal, wato makarantar boko. Ita ma ba ta kirana, takan ce in yi karatuna.

Ludayi biyu suka rage mana na hannunta. Ɗaya ya tsage, an ɗinke shi da zare. Ɗayan Safa ba ta shan koko sai da shi. Ban san abin da zan ce mata ba ranar da ya fashe. Ina so irin ya fito, ko da ɗaya ne. Saura talatin da uku. Don Allah ku faɗa mini inda na yi kuskure.

Ku yi haƙuri da tsawon takardar.

Jikarku,
Kausar Zubairu


Kanan-Bakashe, ranar kasuwa

Kausar ƴar lakwal,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta sau biyu, sau ɗaya da tabarau, sau ɗaya babu, don in tabbata. Lafiya lau nake sai ƙafa, ita kuwa ta riga ta zama ƴar gida. Ki gaida Zubairu, ki ce masa ya dinga cin abinci, na ga wuyansa ranar nan. Ki shafa mini kan Safa.

Da farko, mi ne ne wanga "ku, ku"? Na waiga cikin ɗakin ban ga kowa ba sai ni da kaza. Ni kakarki ce. Ki ce mini "ke", in kin ga dama ki tsokane ni ma, al'ada ta ba ki.

Na tuna ki sarai. Ke ce mai kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura.

Da na karanta cewa irin yana nan, sai da na aje takardar na ɗan zauna. Sunansa ɗan zalɓe, saboda wuyan. Kakarmu ta zo da shi daga garin Sarkin Hausa cikin kayan ɗakinta, ta raba wa ɗiyanta mata, su ma suka raba mana. Ba ya ɗaci, ba ya tsagewa wajen bushewa, wuyansa yakan kai kamu guda. Nawa ya ƙare shekara shida ke nan. Ɓera ya ci na ajiya, wanda na shibka kuma awakin maƙwabta suka yi sallah da shi. Na aika Mayahi, na aika Maijirgi, wajen duk wadda muka haɗa jini, kowa ta koma ludayin roba. Uwarki Dije kaɗai ta riƙe. Iyakar sanina, abin da ke cikin goran nan shi ke nan ya rage. To ki bar watsa shi goma-goma kamar mai ba kaji tsaba.

Kin yi gaggawa. Duma ba gero ba ne da za a yi masa binne a jira sama. Ƙasar bazara wuta ce. Kin zuba ruwa da safe, da rana ya tafasa, dafa su kika yi. Kuma wanga zurfi da kika faɗa, rijiya kike ginawa? Gaɓar yatsa ɗaya ta isa.

Ga yadda za ki yi. Ki jira ruwan shibka, ƙasa ta sha ta huce. Kafin nan ki gyara gurbi, ki sa takin awaki wanda ya shekara, ba ɗanye ba. Ki matsa kowace ƙwaya tsakanin yatsu biyu, mai cika ki aje, holoƙo ki ware. Ki jiƙa su kwana guda, kada ya wuce. In kin shibka ki rufe wurin da busasshiyar ciyawa don rana. Ruwan alwala yana da kyau, ruwan sabulu ko kusa. Kuma ba kullum ba, sai in kin sa yatsa kin ji ƙasa ta bushe.

Abu guda ba ki faɗa mini ba, kuma shi ne babba. Irin nan na wace damina ne?

Kakarki,
Ta Allah


Tasawa, 14 ga Yuni

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, yaya ƙafa? Na rubuta "ku" sau biyu na goge. Muna lafiya. Na faɗa wa Baba saƙonki, ya yi murmushi kaɗan, ya ce to.

Na tambaye shi shekarun irin. Ya yi ta gyara igiyar takalminsa. Sannan ya ce bara da bara waccan Inna ba ta shibka ba saboda ciwon. Ke nan bana damina ta uku irin yana cikin gora.

Akwai abin da ya kamata in faɗa miki. Kafin takardarki ta iso na riga na ɓata wasu goma. Mushe Jibo (haka muke kiran malami da Faransanci), malaminmu na SVT, darasin kimiyyar halittu, ya koya mana tsirowar iri. Ya ce abu uku iri ke nema, ruwa da iska da ɗumi. Ya ce manomi mai hankali ba ya shibka sai ya gwada: a jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, a rufe, bayan kwana goma a ƙirga waɗanda suka tsiro, shi ne taux de germination. Kowa ya yi da wake ko gero. Ni na yi da duma. Ban faɗa masa na wane ne ba. Na wake sun fito tun kwana uku. Nawa ranar goma sun yi fumfuna, fari-fari kamar auduga. Na rubuta sifili bisa goma a kaye. Mushe ya duba ya ce sifili ma sakamako ne, ya ba ni maki mai kyau saboda tsabtar aikin.

Saura ashirin da uku. Na matsa su kamar yadda kika ce, uku holoƙo ne. Saura ashirin.

Ruwan shibka ya sauka nan ranar biyu ga wata, har ya kwanta a tsakar gida. Washegari na jiƙa shida, kwana guda. Na sa takin da maƙwabciyarmu ta ba ni, ta ce ya shekara. Gaɓar yatsa ɗaya. Na rufe da ciyawa. Ban sa ruwa ba sai na taɓa ƙasa. Ban bar ko ɗaya daga abin da kika rubuta ba, na ma kwafe shi a bayan kayena ina bi layi-layi. Yau kwana goma. Gero ya fito a gonakin bakin gari, har tafasar da babu wanda ya shibka ta fito a gindin darnin. Na tona ɗaya na duba. Ta ɗan kumbura, amma bakinta a rufe yake gam. Na mayar.

Saura sha huɗu a gora.

Jarabawar BEPC, ta gama ƙaramar sakandare, ta kusa. Ina karatu. Kalmomin suna shiga suna fita, ba sa daɗewa. Matan unguwa suna cewa ina da haƙuri, don ba su ga na yi kuka ba tun ranar. Ni ban san ko haƙuri ba ne. Ya fi kama da ƙafa in an daɗe zaune a kanta. Kina ganinta, kina taɓa ta, amma kamar ta wani.

Me zan yi da sha huɗun?

Jikarki,
Kausar


Kanan-Bakashe

Kausar, an ce Sha'ibu ya tada mota yana ta kirana, ba lokacin dogon zance. Lafiya lau nake. Damina uku! Ai iri ya tsufa, ya yi taurin kai. Kada ki ƙara sa ko ɗaya cikin ƙasa haka nan, asara ce. Ki fasa. Uwarki ma haka take yi in ya ƙi mata. Allah ya ba da sa'ar jarabawa.

Ta Allah


Tasawa, 25 ga Yuni

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Muna lafiya, Safa ta faɗi ta goge gwiwa amma ba wani abu ba ne.

Na ga takardarki. Na fasa, kamar yadda kika ce. Ranar da ta zo na yi, ban jira ba. Na zaci zai yi mini wuya, sai bai yi ba. Ban san Inna ma tana yin haka ba. Na gode da kika faɗa mini.

Ranar Talata za mu shiga jarabawa. An ba mu lambobinmu, an ce kowa ya zo da bik biyu na rubutu. A yi mana addu'a.

Jikarki,
Kausar


Kanan-Bakashe, ranar kasuwa

Ƴar lakwal,

Wa alaikumus salam. Madalla da ɗiyar Dije! Na ce ko za ki ji tsoro, ashe kallon ƙasan nan ba tsoro ba ne. Wasu sai su kwana uku suna shawara, ke ranar kika yi. Lafiya lau nake, ruwa ya samu, geronmu ya kai gwiwa. Jarabawa kuwa na sa an yi sadakar ƙuli-ƙuli, kin ci kin gama.

Wancan karon ban samu na yi maganar malaminku ba. Wai shi mutum da ransa da lafiyarsa kuna kiransa Mushe, yana amsawa? Ki gaishe shi, ki ce masa mai buhu shi ke gwaji da goma. Mai gora addu'a yake yi.

Yanzu ki sa ido. Kwana biyar, bakwai, za ki ga fari ya leƙo. Kada ki yi ta taɓawa. Kuma tun yanzu ki ce wa Zubairu ya nemo itace ya kafa rumfa a gindin darnin nan, mai tsawo, wadda mutum zai shige ƙarƙashinta. Ɗan zalɓe sai a rataye yake miƙe wuya. In ya kwanta ƙasa sai ya lanƙwashe, ki samu ludayin da ba ya shiga ƙwarya.

Ki rubuto mini nawa suka fito. Ni ban aje sifili a gidana ba.

Kakarki,
Ta Allah


Tasawa, 21 ga Yuli

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Takardarki ba ta iso ba sai shekaranjiya. Motar Sha'ibu ta lalace, ta yi sati biyu a gareji, takardar tana cikin aljihun rigarsa. Ya ba da haƙuri.

Sakamako ya fito. Na ci. Baba ya yanka kaza, maƙwabta sun shigo barka. Na zuba musu ruwa na koma ɗaki.

Na karanta takardar sau uku ban gane ba. Kin ce in sa ido, kin ce a kafa rumfa. In shidan da ke cikin ƙasa kike nufi, sun ruɓe tuni, na tona na gani tun kafin jarabawa. Ban shibka komai ba bayansu, tunda kin ce in fasa. Na kwashe ciyawar, na mayar da goran bayan ƙofa. Wurin yanzu tafasa ce ta rufe shi. Ban yi wa Baba maganar rumfa ba, don kada ya wahala a banza. Ko kin manta abin da kika rubuto ne, ko kuwa kina so ki faranta mini rai. In don ni ne, ba sai kin yi ba. Ba na jin wani ciwo.

Na zuba sha huɗun a kwalin ashana da ƴar tokarsu, na ɗaure da zare, Sha'ibu zai ba ki tare da takardar nan. Ke kika san darajarsu. Ko ba su tsiro ba, ya fi su kasance wurin wadda ta san sunansu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kin ce Inna ma takan fasa in abu ya ƙi mata. Ni ban san ta da haka ba. Wata goma sha takwas tana ciwo, ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Har satin ƙarshe ita ke tashina in yi karatu. Nakan zauna in yi ta neman ranar da na ga ta bar abu don ya yi mata wuya, ban samu ba. Amma kin riga ni saninta, kuma na faɗa miki ban cika kallo ba. Wataƙila akwai abubuwa da yawa da ban gani ba.

Na gode da wahalar da kika yi da ni.

Jikarki,
Kausar


Kanan-Bakashe, ranar kasuwa

Kausar! Kausar!

Innalillahi. Gaisuwa ta jira, kowa lafiya.

Na kwance zaren, na buɗe kwalin ashana, na ga sha huɗu zaune da rigunansu ko ƙwarzane babu. Na ce to mi ta fasa? Na ɗauko takardunki na jera a tabarma. Sai na karanta maganar da ƙarfi, da bakina, na ji ta duk da kunnen nan nawa. Na dafe kai.

Fasa na ce miki, irin ta ƙwai, irin ta goro! Ba fasa irin ta matafiyin da ya ga hadari ya sauke kayansa ba. Ki fasa bakin irin, ɓawon ya yi tauri, ruwa ba ya samun ƙofa. Ni na rubuta guda, ke kika karanta guda. Kika maido mini "na fasa", ni kuma na karanta tawa, har ina rabon ƙuli-ƙuli. Baƙaƙe huɗu sun ci mana sati biyar na damina. Da da baki na faɗa miki, ko jaririya ba ta ɓata. Malaminmu na yaƙi da jahilci ya koya mana ƙugiyar ƙa da ɗa, bai koya mana inda ake sa murya ba. Ku ma ashe lakwal ba ta koya muku ba. Amma laifina ne. Na bar direba ya yi mini gaggawa.

Yanzu ki saurara, wanga ya fi duma. Dije ba ta taɓa fasa komai ba sai bakin iri. Tana da shekara tara aka kawo ta nan ta yi damina guda, ni na koya mata a gindin turmin nan. Ta farfasa mini fiye da ashirin, ta ciji yatsa har jini, na ce ta bari, ta ƙi tashi sai da ta iya. Abin da kika sani game da uwarki shi ne gaskiya. Kada ki ƙara zama kina neman wata rana, babu ita.

Ga yadda ake yi, kuma yau Sha'ibu ya jira ko ya tafi. Ki riƙe ƙwayar ta wajen gindi mai faɗi. Bakin mai tsini za ki sa tsakanin haƙoran gaba, a tsaye, gefe sama gefe ƙasa, ba a kwance ba. Ki matsa a hankali. Da kin ji ƙas, ki tsaya. Ba buɗewa za ki yi ba, ƙofa kaɗai za ki yi wa ruwa. Sannan ki jiƙa daga safe zuwa azahar, ya isa, tunda yanzu ruwa na shiga. Ki wanke tsumma, ki matse shi sosai har ya bar ɗiga, ki naɗe su, ki sa a gindin randa. Kullum ki buɗe sau ɗaya su sha iska. Wadda ta fito da farar saiwa ita kaɗai za ki kai ƙasa, saiwar tana kallon ƙasa, ki rufe da hannu mai sauƙi.

Ba zan ɓoye miki ba, lokaci ya tafi. Ruwa zai ɗauke kafin ya nuna. In ya fito, ke za ki zama daminarsa, da bokiti, har sanyi ya shigo. Kuma mai yiwuwa ne ko ɗaya ba zai fito ba.

Na maido miki su duka. Ni haƙora huɗu suka rage mini, kuma babu biyun da ke kallon juna.

Barka da jarabawa. Na ce miki kin ci.

Kakarki,
Ta Allah


Tasawa, 17 ga Agusta

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, yaya ƙafa da damina? Muna lafiya. Baba yana gaishe ki, Safa ma.

A tasha na karanta takardarki, a tsaye, kusa da motar. Na faɗi kalmar a hankali, sau ɗaya haka, sau ɗaya haka. Sha'ibu ya ce, "Ƴammata, da ni kike?" Na ce a'a. Na karanta abin da kika rubuta a kan Inna. Na gode. Ban san me zan ƙara a kai ba.

Washegari da safe na zauna bakin ɗaki da faifai. Ta farko na matsa da ƙarfi, ta rabe biyu. Ɗanɗanon toka ne da ƙura. Na duba cikinta, ƙwayar fara ce tas, da maiƙonta, ba ta mutu ba. Duk watannin nan a raye suke a rufe. Ban san inda zan jefar da ita ba, sai na haɗiye. Ta biyu ma ta rabe. Ta uku na ji ƙas na tsaya. Daga nan na gane kan abin, amma ta tara ta sake rabewa, don Safa ta zo ta dafa kafaɗata tana tambaya ko gyaɗa nake ci ban ba ta ba.

Sha ɗaya na jiƙa, na naɗe, na sa a gindin randa. Kwana huɗu babu komai. Rana ta biyar na buɗe na ga wani ɗan fari a bakin ɗaya, kamar tsinin allura. Na zaci fumfuna ce kuma. Na rufe na tafi wanke-wanke. Washegari ya yi tsawo, ya lanƙwasa, kuma wasu uku sun leƙo. Sauran bakwai na jira su har kwana goma sha biyu, suka yi tsami, na binne su.

Na nome tafasar, na kai huɗun ƙasa. Ɗaya ba ta fito ba. Uku sun ɗago, kowace da ɓawonta a ka, na bar su suka yar da kansu. Bayan kwana biyu na tarar wani abu ya yanke ɗaya daga gindi, tana kwance. Na tona kewayen na sami tsutsa, mai kauri, launin ƙasa. Na ba kaza. Na zagaye sauran da toka, na kifa musu tsofaffin kwanduna marasa gindi, na sa ƙaya.

Na yi wa Baba maganar rumfa. Ranar Juma'a ya dawo da itace huɗu a amalanken jaki, ya tambaye ni tsawon da kika ce. Ya kafa su. Rumfar ta yi girma ƙwarai a kan abin da ke ƙarƙashinta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta darni ta ce ko raƙumi za mu ɗaure.

An ce za a koma lakwal farkon Oktoba, lise, babbar sakandaren da zan shiga, tana da ɗan nisa. Na auna, in na tashi da wuri zan iya kawo bokiti biyu daga famfo kafin in tafi. Da marece akwai ruwan alwala.

Kin ce in rubuto miki nawa suka fito. Biyu ne. Babbar ta yi ganye huɗu, jiya ta fitar da wani siririn zare tana lalube a iska, na matsa mata kara. Ƙaramar ganyenta ɗaya ya yi rawaya, ban san dalili ba. Baba ya tambaye ni ko na ji daɗi. Na ce ban sani ba tukuna.

Da safe kafin in ɗora koko nakan je in ɗaga kwandunan in ƙirga. In na dawo ɗiban ruwa in sake ƙirgawa. Yanzu ma na aje bik na je na duba. Biyu ne.

Jikarki,
Kausar